Shekara guda da kamfanin da ya gyara mana shafin intanet saboda naƙasassu

Ni ce ke riƙe da sashen mulki na wata cibiyar koyar da sana'o'i mai zaman kanta a unguwar Wadata, nan Yamai, inda muke koyar da ɗinki, lissafin kuɗi, aikin sakatariya da sarrafa kwamfuta. Yau shekara guda cur ke nan da muka damƙa shafinmu na intanet a hannun wani ƙaramin kamfani na matasa huɗu, domin su sake gina shi yadda makaho da kurma da wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta za su shiga su fita ba tare da ɗan jagora ba, sannan su ci gaba da kula da shi wata-wata. Da lokacin sabunta yarjejeniya ya ƙarato, shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma mafi yawan amfanin ya fito ne daga ɓangaren da na raina a farko, wato kulawar bayan gini, kuma akwai wuraren da aikin ya gaza. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, tun da zan faɗi aibinsa tare da alherinsa.

Wata budurwa makauniya ce sanadin wannan aiki. Ta yi firamare a makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ke Yantala, ta ci gaba da karatu har ta samu bakaloriya, sai ta ji sanarwarmu a rediyo cewa ana yin rajista ta intanet. Kwana biyu ta yi tana fama da fom ɗinmu a salularta, a rana ta uku ƙanenta ya ɗauko ta a babur tun daga Harobanda, suka ƙetaro gadar Kennedy da tsakar rana. Bayan mun gaisa ta ce: "Tanti, ba alfarma na zo nema ba, na zo ne ki ji abin da shafinku yake faɗa mini." Ta ƙara sautin wayar, ta riƙa shafa yatsa daga hagu zuwa dama, muryar TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan waya, kuwa tana maimaita kalma ɗaya da Faransanci: maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba ta faɗin ko na mene ne. Da ta isa fom ɗin, muryar ta ce akwai wurin rubutu, amma ba ta ce na suna ba ne ko na lambar waya. A ƙarshe kuma ga hoton karkatattun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa don ya tabbatar shi ba na'ura ba ne. A nan hanya ta ƙare mata. Na cike mata takarda da hannuna a ranar, amma ni da ita mun san ba abin da ta zo nema ke nan ba.

Mun nemi farashi a wurare uku. Biyu sun amsa a rana ɗaya, amsarsu kuma iri ɗaya ce: za su liƙa wani ɗan tambari a kusurwar shafin, wanda in an taɓa shi zai ƙara girman rubutu, ya sauya launi, ya karanta shafin da murya, aikin kwana biyu a kan kuɗi kaɗan. Saura ƙiris in amince. Ita budurwar ce ta hana ni da na kira ta, ta ce makaho yana zuwa ne da muryarsa a cikin wayarsa, wadda ya saba da ita ya kuma daidaita saurinta yadda yake so, don haka ba sabuwar murya yake nema ba, shafi yake nema wanda aka sa wa kowane abu na cikinsa suna. Daga baya na karanta cewa a watan Janairu na 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar cewa kamfanin accessiBe, mai sayar da irin wannan tambari, zai biya dalar Amurka miliyan 1 saboda iƙirarin da ya yi cewa manhajarsa kaɗai za ta iya sa kowane shafi ya cika ƙa'ida.

Kamfani na uku bai yarda ya faɗi farashi ba sai ya ga shafin tare da ni. Shugabarsu, matashiya ce injiniya, ta zo ofishina da safe, ta zare linzamin kwamfutata ta jefa a jakarta, ta ce: "Hajiya, ki yi rajista a makarantarki da allon rubutu kaɗai." Ta nuna mini maɓallin Tab, wanda yake tsallakawa daga abu zuwa abu, da na Enter. Na danna Tab sau goma ban san inda nake ba, domin wanda ya gina tsohon shafin ya ɓoye ɗan layin da ke zagaye abin da aka tsaya a kansa, wai yana ɓata ado. Jerin darussanmu ba ya buɗewa sai an ɗora linzami a kansa, saboda haka ban taɓa isa gare shi ba. Sai kuma tallar sabuwar shekarar karatu ta faɗo ta rufe allon, na rasa yadda zan kore ta. Minti ashirin na yi ban wuce shafin farko ba, alhali shafin da nake buɗewa kullum ne.

Daga nan ta sa ƴar ma'ajiyarta ta USB, ta kunna NVDA, ta kashe hasken allon gaba ɗaya. NVDA manhaja ce mai karanta wa makaho abin da ke kan allon kwamfuta mai Windows, wadda wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka raya tun daga 2006, kuma kyauta ake samun ta, abin da ya sa ta fi JAWS mai tsada dacewa da aljihun mutanenmu. Ta bayyana mini cewa makaho ba ya sauraron shafi daga sama har ƙasa kamar labaran rediyo: yana danna harafin H ne ya yi tsalle daga kan magana zuwa kan magana, kamar yadda mai ido yake leƙa manyan rubutun jarida kafin ya zaɓi abin da zai karanta. Ta danna H, muryar ta ce babu kan magana ko ɗaya, domin mu rubutu kawai muke kumburawa mu yi masa launi, ba mu taɓa gaya wa shafin cewa wannan kai ne ba. Jadawalin kuɗin makaranta kuwa, wanda muka ɗauki hotonsa da salula muka ɗora, muryar ta karanto shi a matsayin wasu haruffa da dogon jerin lambobi, wato sunan da wayar ta ba hoton. Ganin yadda jikina ya yi sanyi ta ce ba mu kaɗai ba ne: cibiyar WebAIM ta Amurka tana auna shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan 1 kowace shekara, kuma a 2024 ta samu kurakurai a kashi 95.9 cikin ɗari. Wannan safiya ita ta sa na zaɓe su, ko da yake farashinsu ya haura na sauran fiye da ninki biyu.

Abu na farko da zan yaba musu shi ne takardar yarjejeniya. Ba su rubuta cewa za su yi shafi mai sauƙi ga kowa ba, maganar da ba wanda zai iya kama su da ita. Sun rubuta cewa shafin zai cika ƙa'idojin WCAG 2.1 a mataki na AA. Ƙa'idoji ne da ƙungiyar W3C mai tsara dokokin yanar gizo take fitarwa, na farko a 1999, sai 2.0 a 2008, 2.1 a 2018, da 2.2 a watan Oktoba na 2023, kuma matakansu uku ne, A, AA da AAA, kowane na gaba ya fi na baya tsanani. Wajen awo sun yi amfani da RGAA na gwamnatin Faransa, wanda ya mayar da waɗannan ƙa'idoji tambayoyi 106 da Faransanci, don haka ma'aikatanmu suna iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Da wani a kwamitin gudanarwarmu ya tambaya ko doka ce ta tilasta mana, sai ta tuna masa cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, cewa sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunansa, kuma ƙasarmu ta kafa dokarta kan shigar da naƙasassu cikin al'umma a watan Disamba na 2019. Ba ta tsorata mu da tara ko kotu don ta samu ciniki ba, na kuma ga girmanta a kan haka.

Sun ba mu shawarar a rushe tsohon shafin maimakon a yi masa faci, suka ce tun ran gini ran zane, kuma da na ga yadda aka ɗora shi na yarda. A kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, suka sake ginawa, tun da shi ma'aikatanmu suka saba da shi. Kowane gurbi na fom ya samu sunansa a fili, wanda ba ya ɓacewa in an fara rubutu. Idan mutum ya yi kuskure, ba ja kawai gurbin yake yi ba, rubutu ne yake fitowa ya ce lambar waya ba ta cika takwas ba, muryar kuma ta karanta shi nan take. Karkatattun haruffan nan an cire su, aka sa wani tarko na ɓoye wanda na'urar turo shara take faɗawa, mutum kuwa bai ma san da shi ba. Hotunan da ke juyawa da kansu a shafin farko sun tafi, shafin ya yi sauƙi har yana buɗewa ko layi ya yi rauni, kuma ba ya cinye wa mutum megansa.

A kan launi ne muka fi ja. Wanda ya kafa cibiyarmu yana son ruwan lemo a kan fari, irin na tutar ƙasa, kuma da shi ake rubuta komai namu. Ƙa'ida ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1 ga ƙaramin rubutu, ko 3 a kan 1 ga babba, namu kuwa bai kai ko na biyun ba. Injiniyar ba ta yi gardama da dattijon ba. Ta ce: "Alhaji, mu fita waje." Suka tsaya a farfajiya da ƙarfe ɗaya na rana, ta miƙa masa salula, ya kasa karanta sunan makarantarsa. Aka bar ruwan lemon a ado da layuka, rubutu ya koma mai duhu. Iyayen ɗalibai masu shekaru sun fi kowa faɗin cewa shafin ya yi daɗin karatu, ba tare da sun san abin da aka sauya ba.

Inda suka fi burge ni shi ne gwaji da mutane. Sun ce manhajojin awo irin su WAVE da Lighthouse suna kama wani ɓangare ne kawai na kurakurai: za su iya gane cewa hoto ba shi da bayani, amma ba za su iya gane cewa bayanin da aka rubuta shirme ba ne. Don haka suka kawo mutum huɗu ɗakin kwamfutarmu, makafi biyu, zabiya ɗaya mai raunin gani, da wani magidanci da shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya mai karkarwa, kuma kowannensu an biya shi ladan aikinsa da kuɗin taksi, ba a sallame shi da godiya da ruwan sanyi ba. Ina zaune a bayan magidancin lokacin da ya iso gurbin ranar haihuwa. Ƴar kalanda ce take buɗewa, mai ƙananan lambobi, sai an yi ta komawa baya wata-wata. Yatsansa ya faɗa kan lambar da ba ita ba har sau huɗu, ya yi shiru, ya share gumi, ya sake. Sai ya ɗago ya ce ai shi ma takardarsa shekara kawai ta nuna, an rubuta an haife shi wajajen shekara kaza, kamar yadda yake ga mutane da yawa a ƙasar nan. Babu wata ƙa'idar ƙasashen waje da za ta gaya musu wannan. Washegari kalandar ta tafi, aka sa gurabe uku manya, na rana da na wata ba dole ba ne. A wannan zama ne kuma aka gano fom ɗin yana goge komai idan mutum ya jima bai gama ba, sai suka sa yana adana abin da aka rubuta, gyaran da ya amfani duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa yana tsakar cikewa.

Batun harshe ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani, amma sun yi abin da za su iya. Shafinmu da Faransanci da Hausa yake, muna kuma so mu faɗaɗa Hausar, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sanya ta harshen ƙasa. Sun yi wa kowane shafi alamar harshensa a ciki, "fr" ko "ha", domin manhajar karatu ta san lokacin sauya murya, suka zaɓi salon rubutun da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba tare da ya mayar da su ƴan akwatuna ba. Sai dai alamar ba ta da amfani idan babu muryar Hausa a cikin na'urar mai karatu, kuma duka makafin da suka yi mana gwaji da muryar Faransanci suke aiki, wadda take karanta Hausa yadda sai mai haƙuri zai gane. Maganin da suka kawo mai sauƙi ne: malamarmu ɗaya ta karanta muhimman shafuka huɗu da bakinta, da Hausa, wani malami kuma da Zabarmanci, aka ɗora sautin kusa da rubutun, ba ya kunna kansa sai an taɓa. An yi shi ne saboda makafi, amma iyayen da ba su yi boko ba su suka fi sauraron sa.

Yanzu ga inda suka gaza. Sun yi alkawarin mako takwas, aikin ya ci wata uku da rabi. Ɗaukewar wuta a lokacin zafi gaskiya ce, kowa a Yamai ya sani, amma babban dalilin shi ne su huɗu ne kacal kuma sun karɓi wasu ayyuka, sannan ba sa kira su faɗa sai ni na neme su. Rahoton ƙarshe da suka kawo shafi arba'in ne na Faransancin injiniyoyi, wanda ban iya kai wa kwamiti ba sai da na matsa suka taƙaita shi. Shafin biyan kuɗin rajista kuma na wani kamfani ne dabam, ba su da ikon taɓa shi, har yau yana da maɓallan da ba su da suna. Wannan ba laifinsu ba ne, amma da sun faɗa tun ranar farko da na nemi wata hanya, maimakon in ji shi daga bakin mai gwaji.

Babbar gazawarsu a wurina ita ce kurame. A cikin masu gwaji huɗu babu kurma ko ɗaya, ni ma ban lura ba sai da mahaifin wani yaro da ya gama makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ ya zo ya ce ɗansa bai fahimci bidiyon gabatar da darussanmu ba. Rubutun ƙasan bidiyon na'ura ce ta fitar da shi, ba a bi an gyara ba, ya ɓata sunayen sana'o'i da na unguwanni. Hanyar tuntuɓarmu kuma lambar kira ce kaɗai. Da na yi magana sun gyara rubutun da hannu, suka ƙara lambar WhatsApp da ta saƙon waya cikin mako guda, ba su nemi ƙarin kuɗi ba. Amma da na tambayi fassarar yaren hannu, sai suka ce wannan a mataki na AAA yake, ba ya cikin yarjejeniya. A takarda suna da gaskiya. Sai dai ga kurman da aka haifa da lalurar, yaren hannu shi ne harshensa na farko, rubutun Faransanci na biyu ne, kuma masu sana'ar da suka san haka ya kamata su ajiye mini zaɓin a gaba tun farko, in ya so in ce ba ni da kuɗinsa. A ganina idonsu ya tafi ne ga makafi, domin matsalarsu ce ta fi kama da aikin injiniya.

Duk da haka zan sabunta yarjejeniyar, kuma dalilin shi ne abin da ya faru bayan sun miƙa mana shafin. Lokacin da suka kawo maganar kuɗin kulawa na wata-wata, wanda a shekara ya kai kusan sulusin kuɗin ginin, kwamiti ya yi gunaguni, ni ma na ɗauka hanyar ci gaba da tatsar mu ce. Wata uku bayan haka, a tsakiyar hada-hadar rajista, shafin da aka miƙa mana lafiya lau ya fara zubewa, kuma da hannunmu. Sakatariyarmu ta ɗora sanarwar ranar jarrabawa a matsayin hoton fosta, babu rubutu ko layi ɗaya a gefensa. Wani malami ya ɗauki hoton jadawalin darussa ya mayar da shi PDF, wanda ga makaho daidai yake da farar takarda. Mahaɗai bakwai a shafi ɗaya duk sunansu "danna nan", alhali makaho yakan sa manhajarsa ta jero masa mahaɗan shafi su kaɗai, sai ya ji danna nan sau bakwai bai san ina kowane zai kai shi ba. Ana cikin haka manhajar da ke riƙe da fom ɗinmu ta sabunta kanta, sunayen gurabe biyu suka ɓace ga murya ko da yake ido yana ganin su. Ba wanda ya lura a cikinmu, domin ga mai ido komai yana nan daram. Binciken ƙarshen wata ne ya tono su duka. Shafin intanet ashe kamar gidan ƙasa yake, kowace damina yana neman yaɓe, mu kuwa damina muke yi masa duk ranar da muka ɗora sabon abu.

Abin da muke biya kowane wata shi ne: su bi sababbin shafuka da manhajar awo, su bi su da allon rubutu kaɗai, su gwada kowace sabuntawa a kwafin shafin kafin ta hau na gaskiya, su aiko da takarda mai shafi ɗaya da ke cewa ga abin da ya lalace, ga wanda suka gyara, ga wanda ya rage namu. Sau ɗaya a wata uku kuma makaho yakan zauna ya yi rajista daga farko har ƙarshe. Bayan ɓarnar farko sun zo safiya biyu sun koyar da duk mai taɓa shafin, ba tare da sun kunyata kowa ba, suka bar takarda guda manne a bango kusa da kwamfutar sakatariya. Suka kuma sa shafin ya ƙi karɓar hoto sai an rubuta bayaninsa. Wata mai zuwa sai ga shi an rubuta "hoto" a gurbin bayanin hotuna goma sha biyu, don kawai a wuce. Manhajar awo ta ce komai lafiya, mutum ne ya kama shi. Injiniyar ta zauna da sakatariyar ta ce: "Ƙanwata, ki ɗauka kina waya da yayarki da ke Tawa, ta ce me ke cikin hoton nan, me za ki ce mata?" Sakatariyar ta ce ɗalibai mata uku ne suna yanka yadi a kan tebur a ajin ɗinki. Injiniyar ta ce to shi za ki rubuta. Tun daga ranar bayanan hotunanmu suka gyaru. Da muka ƙara kuɗin makaranta, su ne suka tuna mana cewa sautin Hausa da na Zabarmanci har yanzu tsohon farashi suke faɗa, abin da da ya jawo mana rigima da iyaye. Da sakatariyar ta bar aiki aka ɗauki sabuwa, sun nemi kuɗi dabam kafin su koyar da ita, wanda a ganina ya kamata ya shiga cikin na wata-wata, tun da sauyin ma'aikata ba baƙon abu ba ne a ƙananan cibiyoyi.

Makaranta, asibiti mai zaman kansa ko ƙungiya da ke sabunta shafinta a kai a kai, kuma tana karɓar rajista ko buƙatu ta cikinsa, za ta ci ribar irin wannan aiki, matuƙar ta ware kuɗin kulawa tun a kasafin farko kuma ta naɗa mutum ɗaya a cikin gida da zai riƙa amsa takardar wata. Mai shagon da shafinsa bai wuce suna da adireshi da lambar waya ba, gyara na sau ɗaya ya ishe shi. Wanda zai nemi kowane kamfani, ba lallai wannan ba, ya sa a rubuta masa sunan ƙa'ida da matakinta a takarda, ya tambaya su wane ne za su yi gwajin kuma nawa za a biya su, ya kuma nemi a nuna masa wani shafi da suka gina shekara guda baya ya bi shi da maɓallin Tab da kansa. Idan kamfanin ya ce bai san inda zai samu masu gwaji ba, ga Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, FNPH, da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta nan cikin Yamai.

A sabuwar yarjejeniyar na gindaya sharuɗɗa uku, kuma sun amince da biyu: za a koma awo da WCAG 2.2, wanda ya ƙara sharaɗin girman abin taɓawa da ya dace da masu karkarwar hannu, za a kuma sa kurma cikin masu gwaji na dindindin. Na ukun, wato koyar da sabon ma'aikaci ba tare da ƙarin kuɗi ba, muna kan tattaunawa. Bidiyon yaren hannu mun sa shi a kasafin bana da kuɗinmu. Budurwar nan ta Harobanda tana shekararta ta biyu a ajin lissafin kuɗi, rajistar bana kuma ita ta yi da kanta daga gida, ban da biyan kuɗin da sai da ƙanenta ya taimaka mata. Yanzu tana cikin waɗanda kamfanin yake biya su yi gwajin wata uku-uku. A rahotonta na baya ta rubuta cewa teburin sakamakon jarrabawa ba shi da kawunan layi, muryar tana karanto mata lambobi ba ta faɗin na wane darasi ne, kuma sun yi alkawarin gyara shi kafin mu fitar da sakamakon wannan zango.